Claes Oldenburg: Masassaƙin da ya girke jan-baki a kan katafila

Ya buɗe kanti yana sayar da kek ɗin da ba ya ciwuwa. Ya shirya wasa a gidan silima inda 'yan kallo suka tsaya a tsaye, 'yan wasa suka mimmiƙe a kujeru. Daga baya ya bi manyan biranen duniya yana kafa cokali, tsintsiya da allura masu tsawon bene. A wannan fitowar mun leƙa rayuwarsa, da ta matan nan biyu da suka sha wahalar aikin tare da shi.

A TSAKIYAR birnin Filadelfiya ta ƙasar Amurka, daura da ginin hukumar birnin, akwai wani fegi a tsaye. E, fegi dai, wannan ɗan maƙalin da mata ke danne wanki da shi a kan igiyar shanya don kada iska ta kwashe. Bambancin kawai shi ne wannan na ƙarfe ne, kuma tsawon sa ƙafa 45, wato ya kai bene mai hawa huɗu. Tun 1976 ya ke tsaye a nan, a bakin matakalar da ake sauka tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Mutanen garin har kwatance su ke yi da shi, saurayi ya ce wa budurwa su haɗu a gindin fegi.

Wanda ya yi wannan aika-aika sunan sa Claes Oldenburg (ana furta sunan farkon "Klas"). Ya na cikin mutum huɗu ko biyar da ake fara ambata idan ana maganar salon fasahar nan da Turawa ke kira pop art, wato fasahar da ke ɗaukar kayan yau da kullum na kasuwa, talla, da silima ta maida su abin kallo. Mai karatu zai ce to me ya kawo masassaƙi cikin mujallar fim? Ka biyo mu a hankali. Mutumin nan ya fara ne da wasan kwaikwayo da kayan ado na dandali, kuma har ya tsufa bai rabu da tunanin majigi ba.

ƊAN JAKADA A CIKIN BOLA

An haife shi a Stockholm, babban birnin Suwidin, ran 28 ga Janairu, 1929. Mahaifin sa ma'aikacin jakadanci ne, kuma a 1936 aka tura shi Shikago, inda yaron ya tashi. Tun ya na ƙarami ya ƙirƙiri wata ƙasa a cikin kan sa ya raɗa mata suna Neubern, ya zana mata taswira, jiragen sama, har da jaridu. Ya yi karatun adabi da tarihin fasaha a Jami'ar Yale daga 1946 zuwa 1950, sannan ya koma Shikago ya zama ɗan koyon aikin jarida, irin wanda ake turawa ofishin 'yan sanda da wurin gobara ya samo labari. Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1953. A 1956 ya tattara ya koma Niyok.

A can bai sauka a unguwar masu hannu da shuni ba. Unguwar talakawa da baƙin haure ya zauna, ta gabashin Manhattan, ya na aikin wucin-gadi a wani laburare don ya samu na abinci. A wancan lokacin manyan masu zane na Amurka, irin su Jackson Pollock wanda ya rasu a wannan shekarar ta 1956, sun yi suna ne da watsa fenti a kan ƙyalle ba tare da an ga siffar komai ba, kuma masana na ta yi masu kirari. Oldenburg ya ga abin ya yi nisa da rayuwar mutanen da ya ke gani a titi. Sai ya shiga tsince-tsince: kwali, buhu, tsohuwar jarida, guntun katako. Da su ya haɗa baje-kolin da ya kira The Street a 1960, a ƙarƙashin ginin wani coci mai suna Judson. Ɗan jakada guda, ga shi ya na yawo a juji!

A cikin wannan tarkacen ne ya yi wasan sa na farko, shi da wata yarinya mai zane da ake kira Patty Mucha, wadda ya aura a wannan shekarar. Irin wasannin nan ba su da labari mai kai da gindi, ba jarumi ba mugu. Mutane ne ke motsi a cikin kaya, a kunna fitila a kashe, a yi ƙara, a yi shiru, shi kenan an tashi. Wani mai shirya fim, Stan VanDerBeek, ya ɗauki wasan a kyamara.

KANTIN DA BA A CIN KAYAN SA

A watan Disamba na 1961 ya kama hayar wani shago a lamba 107, Titi na 2 ta Gabas, ya buɗe abin da ya kira The Store, wato Kanti. Ya cika shi da riguna, takalma, kek, askirim, yankan nama, rigar mama, sigari, duk abin da ake gani a tagogin shagunan unguwar. Amma fa duk na bogi ne. Wayar kejin kaji ya ke lanƙwasawa, ya tsoma ƙyalle a cikin filasta ya lulluɓa, idan ya bushe ya yaɓa masa fentin mai ya na ɗiga. Kowane kaya da farashin sa, shi kuma ya na tsaye a matsayin mai kanti.

A nan ne wayon ya ke. A al'adar su, mai fasaha ya kan kai aikin sa ga dillali, dillali ya rataye a wani ɗaki mai farin bango a unguwar attajirai, a zo a kalla ana magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Oldenburg ya ce tunda dai ƙarshen abin ciniki ne, to a yi shi a fili kamar yadda ake cinikin burodi. Duk wanda ya tuna yadda wasu 'yan boko suka riƙa yi wa littattafan soyayyar mu ba'a da sunan "adabin kasuwar Kano", ya san irin rainin da ake yi wa abin da ya fito daga kasuwa. Shi wannan bawan Allah kasuwar ya ɗauka ya maida ta abin alfahari.

Kantin bai yi wani ciniki na a-zo-a-gani ba a cikin wata biyun da ya yi a buɗe. Da ya rufe sai ya maida wurin gidan wasa, ya sa masa suna Ray Gun Theater. A farkon 1962 ya shirya wasanni goma a ciki, 'yan kallo ƙalilan a matse kamar a motar haya, 'yan wasa na gogar su. Raymond Saroff ya ɗauke su a fim, shi ya sa har yau ake iya ganin yadda abin ya kasance.

WA YA YI ƊINKIN?

Kayan da ake ɗinkawa a cusa masu tsumma don waɗannan wasannin su ne suka haifi abin da ya fitar da sunan sa. A watan Satumba na 1962 aka ba shi babban ɗaki a Green Gallery, sai ya ga kayan kantin sa sun yi ƙanana a wurin. Saboda haka aka ɗinka manya: yankan kek mai girman gado, askirim mai tsawon kwalekwale, da wani hamboga, wato burodin nan mai nama a tsakiya, mai faɗin kusan ƙafa 7. Da zanen tanti aka yi su, aka cusa masu soson katifa da kwalaye, aka shafe da fenti.

Kafin wannan lokacin, in an ce sassaƙa, dutse ake nufi ko tagulla ko itace, abu mai tauri da zai shekara ɗari bai motsa ba. Sai ga wani ya kawo sassaƙa mai laushi, wadda ke lotsawa, ta zube, ta canza kama duk lokacin da aka ɗaga ta. Daga nan ya bi kayan gida ɗaya bayan ɗaya da leda mai kauri irin ta kujerar mota: tafireta da wayar tarho a 1963, masai na tangaran a 1966, sai wata ƙatuwar fanka da aka rataye a rumfar Amurka a bikin baje-kolin duniya na Montreal a 1967. Ka ga fanka ta yi laƙwas kamar wadda zazzaɓi ya kayar. Mutane na dariya, amma dariyar da ɗan tausayi a ciki, domin kayan sun koma kamar jikin ɗan'adam da ya gaji, tumbi ya zazzago, kafaɗa ta sauka.

To, amma wa ya zauna a kan keken ɗinki? Patty ce. Shi ya ke zanawa ya yanka samfur ya yi fenti, ita ke haɗa waɗannan tika-tikan ƙyallaye a ɗan keken ta. Oldenburg bai iya wannan ɗinkin ba, kuma in babu ɗinki babu sassaƙa mai laushi. Duk da haka sunan sa kaɗai aka riƙa liƙawa a bango. Sun rabu a 1970, kuma an daɗe kafin marubuta tarihin fasaha su fara ambaton ta yadda ya kamata. 'Yan industiri sun san wannan ciwon sarai. Fosta ta fito da fuskar jarumi da sunan darakta, amma telan da ya kwana ya na ɗinka kayan sarki, da mai kwalliya, da yaron da ya riƙe fitila a lokeshan tun safe, sai dai su nemi sunan su a can ƙarshen kaset lokacin da kowa ya tashi. A ganin mu, duk wanda zai yaba wa hambogan nan, to ya fara da wadda ta ɗinka shi.

Hambogan ma ya sha rigima. A 1967 gidan adana kayan fasaha na Ontario da ke Toronto a Kanada ya saye shi dala 2,000. Wasu ɗalibai suka fusata, wai an yi ɓarnar kuɗi. Maimakon su tsaya ihu kawai, sai suka ƙera ƙatuwar kwalbar miyar tumatir mai tsawon ƙafa 9, suka yi jerin gwano da ita zuwa ƙofar gidan, wai ga mahaɗin burodin nan sun kawo. Hambogan na nan a gidan har yanzu, ya na cikin kayan da su ke tinƙaho da su.

MAJIGI BA FIM

A 1963 ya ɗan zauna a Los Angeles, garin 'yan fim. A can ya shirya wani wasa mai suna Autobodys a filin ajiye motoci da daddare, 'yan kallo na zaune cikin motocin su, fitilun motocin ne hasken dandali. A can kuma ya haɗa wani ɗakin kwana sukutum, da gado da madubi da kujera mai zanen fatar jakin dawa, wanda ya kwaikwayo daga wani otal da ya taɓa gani a gaɓar tekun Malibu. An karkata kusurwoyin kayan yadda ido zai gan su kamar a hoto, amma ba mai iya kwana a ciki. Duk mai shirya set zai gane wannan dabarar.

Wanda ya fi burge mu shi ne Moveyhouse, na watan Disamba 1965, a wani ƙaramin gidan silima a Niyok. Aka hana 'yan kallo zama, suka tsaya a gefe. 'Yan wasa su ne suka hau kujerun, kowa da katin da ke gaya masa abin da zai yi: ya tashi, ya canza wuri, ya yi barci, ya tsallake layi. Majigi na kunne amma ba fim a ciki, haske ne kawai ke zuba, inuwar su na faɗawa a kan allo. Ashe 'yan kallon silima su ma fim ne, in an samu mai kallon su! Wanda ya taɓa shiga silima a daren da ake nuna fim ɗin Indiya mai zafi ba zai yi musun wannan ba.

Daga wannan wasan ne ya ƙarfafa wata siffa da ta zame masa tambari: kan ɓera mai murabba'in fuska da kunnuwa biyu zagayayyu. In ka kalle shi ta nan, Mickey Mouse ne na katun. In ka kalle shi ta can, tsohuwar kyamarar fim ce da faifan ta biyu a sama. Har ɗan gidan tarihi ya gina da wannan siffar, ya zuba ƙananan tarkacen da ya tara kusan 400, aka nuna shi a birnin Kassel na Jamus a 1972.

KABARI DA JAN-BAKI

Tun 1965 ya fara zana wasu gine-ginen tunawa na mafarki, waɗanda shi kan sa bai zaci za a gina ba. Ya zana 'yar tsanar beyar mai girman dutse a zaune a babban lambun Niyok, ya zana jan-baki jere a dandalin Piccadilly na Landan. Turawa sun saba kafa mutum-mutumin janar a kan doki. Shi kuma ya na tambaya, abin da mutane ke taɓawa kullum da hannun su bai fi janar ɗin da ba wanda ya tuna shi cancanta ba? (Wannan ma ya sa aikin sa bai cika tayar wa irin mu hankali ba, domin galibin manyan ayyukan sa siffar kayan amfani ce marasa rai.)

A 1967 hukumar birnin Niyok ta gayyace shi ya kawo aiki a wani baje-koli na fili. Sai ya ɗauko masu haƙa kabari, ya biya su, suka haƙa rami mai siffar kabari a bayan babban gidan tarihi na Metropolitan, suka huta, suka maida ƙasar suka rufe. Aikin kenan. Lokacin ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, ana ta dawo da gawarwakin samari, don haka masu hankali sun gane inda aka dosa.

Sai kuma ran 15 ga Mayu, 1969. Wasu ɗaliban zanen gine-gine na tsohuwar makarantar sa, Yale, suka tara kuɗi a asirce, shi kuma bai karɓi ko sisi na ladan sa ba. Ba tare da an nemi iznin hukumar jami'a ba, sai ga mota ta sauke kaya a dandalin da ke gaban ofishin shugabanni, kusa da bangon da aka rubuta sunayen ɗaliban da suka mutu a yaƙi. Da aka haɗa, sai ga jan-baki mai tsawon ƙafa 24 a tsaye a kan ƙafafun katafila irin na tankar yaƙi. Tirƙashi! Aka miƙa wa jami'a takardar kyauta, ka ga ba ta da bakin cewa an yi mata laifi. Ɗalibai suka maida shi mumbarin jawabin adawa da yaƙi. A shekarar ce kuma jami'ar ta fara ɗaukar mata a karatun digirin farko, saboda haka kowa da irin fassarar da ya yi wa jan-bakin. Da farko kan sa na leda ne da ake hura wa iska, ya riƙa sacewa ya na langaɓewa, aka canza shi da mai tauri. Ruwa da rana da masu liƙe-liƙe suka lalata shi, Oldenburg ya kwashe abin sa a 1970. A 1974 jami'ar da kan ta ta karɓe shi bayan an sabunta shi da ƙarfe, aka kafa a harabar Kwalejin Morse.

COOSJE TA CE A SA SUNAN TA

Ya haɗu da Coosje van Bruggen, 'yar ƙasar Holan, masaniyar tarihin fasaha, a 1970 a gidan tarihi na Stedelijk da ke Amsterdam, inda ta ke aiki. A 1976 ana sake kafa wani ƙaton cebur ɗin lambu da ya yi a Holan, ta gaya masa ƙiri-ƙiri launin azurfar da ya shafa bai yi ba. Aka maida shi shuɗi. Suka yi aure a 1977, ya girme ta da shekara 13.

Wannan karon labarin ya sha bamban da na Patty. Daga tocilan da suka kafa a jami'ar Nevada da ke Las Vegas a 1981, duk wani babban aiki da sunan su biyu ya ke fita. Wasu masu sharhi sun daɗe su na ƙin ambaton ta, su na ganin matar maigida ce kawai aka ɗaura a gaba. Shi kuwa ya tsaya kai da fata cewa aikin na su ne su biyu: ya na zane, ita na kawo ra'ayi, ta zaɓi launi, ta yi gardama da shi, ta fuskanci hukumomi da injiniyoyi. Ko ya koyi darasi ne daga auren farko, ko kuwa ita ce ba ta ɗaukar raini, oho. Sun yi manyan ayyuka sama da 40 tare.

Mafi shahara shi ne cokalin Minneapolis na 1988, mai tsawon sama da ƙafa 50, kwance a kan ɗan tafki kamar gada, da jan ɗan itacen ceri a bakin sa ya na fesa ruwa. Cokalin nasa ne, cerin nata. Akwai keken da aka binne rabi a wani lambu a Faris (1990), zarto a Tokyo (1996), allura da zare a Milan, garin 'yan kwalliya da teloli (2000), askirim da ya kife a kan rufin wani kanti a Cologne ta Jamus (2001), da tsintsiya da abin kwasar shara a Denver (2006). A unguwar Venice ta Los Angeles kuma, su da maginin nan Frank Gehry suka yi ginin da ƙofar sa madubin hangen nesa ce, motoci na shiga ta tsakanin idanun biyu. An gama shi a 1991, kuma kamfanin Google ya tare a ciki a 2011. Abotar su da Gehry har wasa ta haifar: a 1985 a birnin Venice na Italiya su ukun suka fito a matsayin 'yan wasa, da wani kwalekwale mai siffar wuƙar aljihu ya na yawo a ruwa.

Ba ko'ina aka yi masu lale ba. Kamfanin mai na Sohio da ke Cleveland ya ba su kwangilar ƙaton hatimin ofis mai ɗauke da kalmar FREE, wato 'yanci ko kyauta. Kafin a kafa, kamfanin BP ya karɓe ragamar Sohio, sabon shugaba ya ga kamar zagi ne a ajiye wannan kalmar a ƙofar kamfanin mai, ya ce ba ya so. Hatimin ya yi shekaru a sito. A 1991 aka kafa shi a wani lambu kusa da ginin hukumar birnin, a kwance a gefen sa kamar wanda aka yi wurgi da shi daga saman bene, kalmar da ake gudu kuma ta fito ɓaro-ɓaro kowa na karantawa. A Kansas City ma, da suka dasa ƙwallayen badminton huɗu masu gashin tsuntsu a filin gidan tarihi na Nelson-Atkins a 1994, kowanne ƙafa 18, jaridar garin ta cika da wasiƙun masu tsinuwa. Yanzu hoton ƙwallayen ne garin ke tallar kan sa da shi.

Gaskiya ba duka ayyukan ƙarshen nan ne ke da zafin na farko ba. Wanda ya fara da tsokanar masu kuɗi a shagon haya ya ƙare kamfanoni da attajirai ne ke ba shi kwangila, wasu daga cikin kayan kuma sun koma abin ɗaukar hoto kawai ga 'yan yawon buɗe ido. Jan-bakin Yale ya na da abokin faɗa. Askirim ɗin Cologne kuwa a kan rufin kantin sayayya ya ke, ba wanda ya ɓata wa rai, balle mai kantin.

Coosje ta rasu ran 10 ga Janairu, 2009, a Los Angeles, bayan fama da ciwon dajin mama, ta na da shekara 66. Bayan ta, babban aikin da ya kafa da sunan sa shi kaɗai shi ne wani burushin fenti mai tsawon ƙafa 51 a Filadelfiya, a 2011, tafiyar 'yan mintoci daga fegin nan nasa. Ya ci gaba da zama a gidan sa na Manhattan, cikin kantocin da ya cika da ƙananan tarkacen da ya ke tsinta. A nan ya rasu ran 18 ga Yuli, 2022, bayan wata faɗuwa da ya yi, ya na da shekara 93.